AWA BIYAR TSAKANIN KATSINA DA JIDDA: SALLA DA MIƘATI A CIKIN JIRGI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Wani ɗan'uwa daga Ƙofa, ta ƙaramar hukumar Kusada, ya turo tambaya. Ya ce Allah Ya hore masa ya biya wa mahaifinsa kujerar Makka, tsohon bai taɓa hawa jirgin sama ba, yana so ya san nisan tafiyar da kuma awa nawa za a yi a sama, don ya kwantar wa Baba da hankali. Allah Ya saka masa da alheri, Ya ba shi 'ya'yan da za su yi masa fiye da haka. Amsar lissafin gajera ce, zan ba da ita yanzu. Amma akwai hukunce-hukunce rataye da wannan lissafin, su ne suka sa na ga gara in yi rubutun da kowa zai amfana.

Daga filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka ja layi miƙe, kilomita 3,500 ne ba kaɗan. Zuwa Madina kuwa wajen 3,600. Daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda ya ɗan haura 3,400. Babban jirgin fasinja yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya idan ya daidaita a sama, don haka idan hanya miƙaƙƙiya ce, ta sararin Nijar ko Borno, Chadi, Sudan, a tsallake Bahar Maliya, awa huɗu da rabi zuwa biyar ta isa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jiragen alhazai na waccan shekarar suka koma zagaye, tafiyar ta kai awa shida zuwa bakwai. Allah Ya kawo wa 'yan uwanmu na Sudan zaman lafiya. Shi kuwa mai zuwa Umra da ke bin jirgin da zai ya da zango a Addis Ababa ko Alƙahira, yini guda ne cur a hanya, wani lokaci har da kwana.

Sannan agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, kilomita 3,500 ɗin nan fa, ita ce kakanninmu suka taka da ƙafa, har da ƙari, don hanyar ƙasa ba ta miƙewa. Mutum ya fito daga ƙasar Katsina, ya bi Kano, ya nufi Borno, ya ƙetare zuwa Fort Lamy wadda yanzu ake ce wa Injamena, ya bi Abeshe, ya shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, ya wuce Ubayyid, ya isa Khartum, sannan ya gangara Sawakin a bakin teku ya jira jirgin ruwa. Ko da a ce mutum yana cin kilomita 30 kullum, ba hutu ba ciwo, a kan miƙaƙƙen layi, wata huɗu ne. Alhali ba wanda ke tafiya haka. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu, a yi ƙodagon tsinkar auduga a gonakin Jazira, a tara kuɗin gaba. Shi ya sa ake yin shekaru. Wanda zai tafi sai ya raba gado da bakinsa, ya nemi gafarar kowa, don da yawa ba su dawo ba. Wasu ƙasa ta rufe su a hanya, wasu suka zauna can, zuriyarsu na nan a Sudan har yau suna jin Hausa. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, mutanen da suka biyo Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne suka kafa shi, bayan an kashe shi a Burmi a 1903, ɗansa ya ci gaba da jama'a zuwa gabas.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, duk da begen Manzon Allah (SAW) da ya cika masa zuciya, Allah bai nufe shi da zuwa ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya tafi a 1921, ta Legas ya bi, ya shiga jirgin ruwa ya zagaya ta Ingila. Shi kansa Manzon Allah (SAW) a Hajjin Bankwana ya bar Madina saura kwana biyar Zulƙida ya ƙare, bai shiga Makka ba sai 4 ga Zulhajji, a tafiyar da ba ta kai kilomita 500 ba. Kai kuma yau za ka yi karin kumallo a Kankia, ka bi ta Charanci zuwa Katsina, ka yi sallar isha'i a Madina. A cikin Suratun Nahli Allah Ya yi mana gori da dabbobin da ke ɗaukar kayanmu zuwa garin da ba mu isa gare shi sai da wahalar rai, Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakai, sannan Ya sanar cewa zai halicci abin da ba mu sani ba. Malaman tafsiri na wannan zamani da dama sun ce mota da jirgi suna ciki.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Waccan doguwar hanya makaranta ce. Ayari ba ya rasa malami, kowane zango akwai karatu. Wanda ya bar gida bai iya taimama ba, kafin ya kai Darfur ya yi ta sau ɗari. Kafin ya ga teku ya ji bayanin harami har ya haddace. Jirgi ya ɗauke mana wahalar, ya haɗa da makarantar ya tafi da ita. Yanzu mutum zai baro Ƙofa da abin da ya sani kawai, a ɗaure masa ɗamara a kujera, kafin ya gama mamakin gajimare an ce a shirya sauka. Abin da bai koya a gida ba, ba inda zai koye shi. Kuma a cikin awa biyar ɗin nan akwai wajibai biyu da suke kuɓuce wa mutane da yawa ba su ma sani ba.

Na farko salla.

Lokacin salla da rana aka ɗaure shi, a inda kake, ba da agogon hannunka ba. Tsakanin Katsina da Jidda rana tana riga mu da kimanin awa biyu, kuma kai kana gudu ne zuwa gabas, wato kana tarar ta. Ma'ana, a awa biyar da za ka yi zaune, rana za ta yi tafiyar awa bakwai. Bari in ba da misali. Jirgi ya tashi daga Katsina ƙarfe 1 na dare a watan Mayu. Ya sauka ƙarfe 6 na safe agogonmu, wanda ya yi daidai da ƙarfe 8 a Jidda. A lokacin rana ta fito da fiye da awa biyu. Ka ga ke nan alfijir ya keto kuna sama, rana ta ɓullo kuna sama. Tazarar alfijir da fitowar rana da muka saba da ita a ƙasa, awa ɗaya da 'yan mintoci, a jirgin da ke fuskantar gabas ba ta cika awa guda ba. Alhaji ya duba agogonsa ya ga 3 da rabi, ya ce da sauran dare, ya gyara kwanciya. Ya farka rana tana dukan taga. Tafiyar neman gafara ce, an buɗe ta da asarar asuba.

Ita asuba ba a haɗa ta da kowace salla, ba gaba ba baya. Dole a yi ta a cikin jirgin. Na san akwai masu cewa salla a jirgin sama ba ta inganta tunda ba a kan ƙasa ake sujada ba, kuma maganar tana da asali a wajen wasu malaman mazhabarmu. Amma Shaihu Muhammadul Amin Asshinƙiɗi, mai tafsirin Adwa'ul Bayan, wanda ya tashi a karatun Malikiyya, shi ma ta ƙasa ya tafi hajji daga Muritaniya ya ratsa Sudan, ya yi ɗan littafi musamman yana tabbatar da ingancinta. Malamai sun yi ƙiyasinta a kan sallar jirgin ruwa. Wannan shi ne abin da hankalina ya kwanta da shi, don fitar da salla daga lokacinta da gangan ya fi komai muni a nan.

Yadda za a yi: idan akwai ɗan fili a bayan jirgi kuma ma'aikata sun ba da izni, a yi ta a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, raka'a biyu ce. Jirgin alhazai kuwa mai mutum ɗari huɗu ko fiye, ba zai yiwu kowa ya samu ba, kuma ba daidai ba ne a tare hanya ko a yi gardama da ma'aikata idan sun ce a zauna. Sai ka yi ta a kujerarka da nuni, sunkuyon sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Wanda ya rama bayan ya sauka don ya fita daga saɓani, ya kyauta. Alƙibla kuma, Allah Ya sauƙaƙa wa mai tafiya daga nan: alƙiblarmu gabas ce da ɗan karkata arewa, can ɗin kuma jirgin ya dosa, don haka a miƙaƙƙiyar hanya gabanka ita ce alƙibla ko kusa da ita. Idan ana zagaye, ko a dawowa, ka tambayi ma'aikata ko ka duba taswirar da ke allon kujera, ka fuskanta gwargwadon iko.

Babbar matsalar ita ce alwala. Banɗakin jirgi ƙarami ne, ruwansa kaɗan ne, kuma ba a gina shi don a kwarara ruwa a ƙasa ba. Wallahi abin kunya ne yadda ake barin wurin wani lokaci, har na baya ya kasa shiga. Ka yi alwalarka kafin a kira shiga, ka rage shan shayi. Idan ta warware, wanki ɗaya-ɗaya ya isar, da ruwan da bai cika kofi ba. Tsoho ko marar lafiya da ba zai iya ba, ya riƙe ɗan dutsen taimama a aljihu, don a wajen Malikiyya ba a taimama da kujera ko bargo, sai da ƙasa ko abin da yake jinsinta.

Sauran salloli huɗu suna da sauƙi saboda rangwamen haɗawa. Jirgin da zai tashi ƙarfe 3 na yamma zai sauka wajen 10 na dare agogon can: ka haɗa azahar da la'asar a filin jirgin Katsina kafin ka shiga, ka haɗa magariba da isha'i idan ka sauka. Wanda zai tashi 10 na safe zai sauka wajen 5 na yamma agogon can: ka jinkirta azahar ka haɗa ta da la'asar, amma da ka sauka ka yi, kada ka ce sai an gama duba fasfo, layin nan yana iya cinye maka rana.

Wani zai ce, Malam, ina wahalar da za a yi ƙasaru a kanta, ana zaune cikin sanyi ana kawo abinci? Shari'a ba ta rataya ƙasaru a kan gumi ba, ta rataya shi a kan tafiya. Barid huɗu ne, mil 48, wato kilomita tamanin da 'yan kai. Kai da za ka yi 3,500 ba ka da abin tambaya. Kuma ana lissafi ne da inda ka nufa, don haka maniyyacin Ƙofa yana fara ƙasaru da zarar ya bar gidajen garinsu, ba sai jirgi ya ɗaga ba. Idan an tara ku a sansanin alhazai ana cewa yau ko gobe, ƙasaru za ka ci gaba da yi, sai fa idan ka bi limami mazauni, ko ka tabbatar za ka yi kwana huɗu cikakku ka yi niyyar zama.

Masu Umrar azumi, a taƙaice: buɗa-baki sai ka ga rana ta faɗi daga inda kake a sama, ko da garin da ke ƙarƙashinku sun sha ruwa. A zuwa yininka zai ragu da awa biyu, a dawowa ya ƙaru da awa biyu. Wanda ya ga zai galabaita, matafiyi ne, ya sha ya rama.

Na biyu miƙati, kuma nan ne kuɗi da jini suke shiga.

Manzon Allah (SAW) ya sanya wuraren da mai nufin Hajji ko Umra ba zai wuce su ba sai da harami: Zulhulaifa ga mutanen Madina, Juhfa ta kusa da Rabig ga masu zuwa ta Sham, Ƙarnul Manazil ga mutanen Najadu, Yalamlam ga mutanen Yaman. Da aka buɗe Iraƙi, mutanen Kufa da Basra suka kawo wa Sayyidina Umar (RA) kukan cewa Ƙarnu ta kauce wa hanyarsu, sai ya umarce su su duba abin da yake daura da ita a kan hanyarsu, aka tsayar musu da Zatu Irƙin. Daga nan malamai suka ɗauko ƙa'idar da mai jirgi yake aiki da ita: idan ba ka bi ta kan miƙati ba, ka ɗauki harami inda ka zo daura da shi, a ƙasa kake, a ruwa, ko a sama.

Abu na farko da maniyyaci zai tambayi jami'an hukumar alhazai shi ne, ina za mu fara zuwa? A 'yan shekarun nan yawancin alhazan Najeriya Madina ake fara kai su. Idan haka ne, ba ruwanka da harami a jirgi, ko da a Jidda kuka sauka aka ɗebe ku a mota zuwa Madina. Miƙatinka Zulhulaifa ne, wadda ake kira Abyar Ali, ranar da za ku taso zuwa Makka, kuma nan mota tana tsayawa, akwai masallaci da wurin wanka. Na ga waɗanda suka ɗaura niyya tun a jirgi alhali Madina za a kai su, suka ɗora wa kansu kwana da kwanaki na harami ba gaira ba dalili.

Wanda abin ya shafa shi ne wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka: jiragen ƙarshe-ƙarshe, da akasarin masu Umra. A gudun da muka faɗa, jirgi yana cin kusan kilomita 15 a minti ɗaya. Minti goma da za ka yi kana jiran layin banɗaki don ka canza kaya, an yi kilomita 150 ko kusa da haka, ka ga tazarar Rabig da Jidda ke nan. Kakanka yana ganin miƙati daga nesa, ya sauke kaya, ya yi wanka, ya yi nafila, har ya kwana. Kai naka ƙiftawar ido ne, kuma yana zuwa ne a ƙarshen tafiya, daidai lokacin da barci ya fi daɗi kuma aka hana kowa tashi daga kujera.

Shin Jidda ba miƙati ba ce? Akwai magana. Tsofaffin littattafan fiƙihu sun ambaci wanda ya ƙetaro teku daga Sawakin kai tsaye, suka ce yana isa Jidda kafin ya zo daura da wani miƙati, don haka daga nan zai yi harami. Hanyar kakanninmu ke nan. Wasu malaman zamani sun faɗaɗa wannan ga duk mai sauka Jidda. Amma mafi yawa, har da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, sun tafi a kan cewa Jidda tana cikin da'irar miƙatai, kuma jirgin sama ba layin Sawakin yake bi dole ba, yana iya shigowa ta arewa daura da Juhfa ko ta kudu daura da Yalamlam, musamman idan ana zagaye. Ban ce wanda ya bi fatawar farko da ilimi ya ɓata ba. Sai dai mutumin da ya sayar da shanu ko ya yi shekara goma yana tari, ban ga dalilin da zai sa ya jefa hajjinsa cikin saɓani a kan abin da minti biyu ya isa a gyara ba.

Don haka ka yi wankanka a gida ko a sansani. Ka ɗaura gwado da mayafi tun a filin jirgi, ko a zangon ƙarshe idan ta Addis ko Alƙahira za ka bi. Sanya tufafin ba shi ne harami ba, niyya ce harami, saboda haka kana iya yafa bargo ko riga saboda sanyi har lokaci ya yi. Idan matuƙi ya yi sanarwar miƙati, ka cire abin da ka yafa mai ɗinki, ka yi niyya, ka fara talbiyya. Ba kowane jirgi ke sanarwa ba, wani kuma da Larabci da Turanci zai yi, tsoho bai ji ba. Idan kana tsoron haka, ka yi niyya tun saura kamar awa ɗaya a sauka. Gabatar da harami kafin miƙati makaruhi ne a mazhaba idan ba dalili, amma ya ƙullu, kuma ba komai a kanka. Wuce shi kuwa, idan ba ka koma ba har ka ɗauki harami a gaba, yanka ya hau kanka, akuya ko tunkiya a Makka, wanda bai samu ba ya yi azumi goma.

Sau da yawa kayan haramin suna cikin babbar jaka, ita kuma tana cikin cikin jirgi. Idan haka ta faru kada ka fasa niyya. Ka cire hula, ka tuɓe riga ka yafa ta kamar mayafi, ka bar wandonka, ka yi niyya a kan lokaci, in ka sauka ka canza. Abin da zai biyo baya, a wajen masu cewa akwai, fidiya ce mai zaɓi: azumi uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka. Ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Iyayenmu mata, ku haraminku tufafinku ne na yau da kullum, ban da niƙabi da safar hannu. Kuma jinin al'ada ba ya hana ɗaukar harami. Asma'u 'yar Umais (RA) a Zulhulaifa ta haifi Muhammadu ɗan Sayyidina Abubakar, Manzon Allah (SAW) ya umarce ta ta yi wanka ta ɗauki haraminta. Mace ta yi niyyarta tare da kowa, ɗawafi ne kawai za ta jinkirta har ta yi tsarki. Da yawa kunya ke hana su tambaya, su wuce miƙati shiru. Masu yin bita a Kusada da Kankia, don Allah a samu malama mace ta keɓe da su a kan wannan.

Kai kuma da ka biya wa mahaifi ko mahaifiya, aikinka bai ƙare a banki ba. Ka raka su bita ka ji da kunnenka. Ka nemo wani mai karatu a cikin 'yan jirginsu ka damƙa masa amanarsu, ya tashe su idan alfijir ya keto, ya gaya musu idan miƙati ya zo. Ka sa kayan harami da magungunansu a ƙaramar jakar hannu. Ka saita musu wayar ta nuna agogo biyu, na gida da na Makka, ko ka ce da an sauka su ƙara awa biyu.

Wallahu a'alam. Allah Ya kai alhazanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya karɓa. Wanda bai je ba Allah Ya kira shi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.